Lambar P0443 ta ƙi gogewa a Honda Accord 2008

Assalamu alaikum, masu wayarin mota ku agaza mini. Fitilar inji ce ke kunne, kwamfuta kuma ta nuna P0443, wato matsalar wuta a layin bawul ɗin da ke sakin tururin fetur daga gwangwanin gawayi zuwa inji. Ana gogewa, sai ta dawo.

Wani ya ce in sake murfin tanki. Ban yarda ba, don murfi lambar yoyo yake kawowa, irin P0455.

Fis lafiya lau. Da na murɗa makulli, mita ta nuna bolt 12 a waya ɗaya ta soket. Bawul ɗin ma yana ƙas-ƙas idan aka haɗa shi da batir kai tsaye. Saura waya ta biyu, wadda ƙwaƙwalwar mota (na'urar da ke sarrafa inji) ke kai wa ƙasa, wato negatif, tana ɗaukewa. Nan na maƙale.

Yaya ake gwada ta ba tare da an ƙona ƙwaƙwalwa ba? Fitilar gwaji za ta nuna, ko sai inji ya ɗau zafi? Mai gyarana har ya fara zancen sayo wata ƙwaƙwalwar 'yar Kwatano, ni kuwa ba na so in kashe kuɗi kan tsinkakkiyar waya.