Kosha da aljihun talaka: dokar abincin Yahudawa ta masu hali ce kaɗai?

Aminu, Landan: Salamu alaikum jama'a. Shekara shida ke nan ina kai kaya shaguna a arewacin Landan, har da Stamford Hill, unguwar da Yahudawa masu riƙon addini suka yi yawa. Jiya na shiga wata mahautarsu, na ga wata mata da yara biyar ta ɗauki kaza, ta duba kuɗin, ta mayar, ta ɗebi wuya da ƙasusuwa. Kazar ta kusa ninka kuɗin wadda nake saya. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta. Ni dai a ganina dokar abincin nan da suke kira kosha, mai hali ne kaɗai zai riƙe ta bai cutu ba. Talakan da ya nace a kanta, bakin 'ya'yansa yake ragewa. Wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Hajiya Rabi, Niyok: Wa alaikumus salam ƙanena. Zan gyara maka, don shekara tara na yi ina kula da wata tsohuwa Bayahudiya a Brooklyn har rai ya yi halinsa, kuma ba mai kuɗi ba ce, da fansho da tallafin abinci na gwamnati take rayuwa. Kai mahauta ka gani, ni ɗakin girki na gani. Abinci kashi uku ne a wurinsu: na nama, na madara, da na tsakiya da suke kira parve. Ƙwai, kifi, shinkafa, wake, dankali, albasa, kabeji, duk na tsakiya ne, kuma a nan Amurka ɗanyen kayan gona ba ya bukatar hatimin shaidar kosha da ake bugawa a jikin kaya, sai dai a wanke ganye a duba ko da ƙwaro. Daga Lahadi zuwa Alhamis nama ba ya shiga tukunyar tsohuwar nan. Romon wake da sha'ir, dafaffen ƙwai, kifin gwangwani. Sai daren Asabar, wato Juma'a da daddare, a fito da kaza ɗaya tak, a yi romo da ita, a ci tsokar, a soya kitsen a ajiye don girkin mako. Washegari kuma akwai wani fate mai suna cholent, wake da sha'ir da dankali da ɗan gutsuren nama, da ake ɗorawa tun kafin rana ta faɗi ranar Juma'a ya kwana a wuta, saboda ba sa kunna wuta ranar Asabar. Daga talakawan Gabashin Turai suka gaji girkin nan. Ban taɓa ganin ta kwana da yunwa ba.

Alhaji Garba, Kano: Ni mahauci ne, gadon gida. Ku faɗa mini abin da ke sa naman tsada. Yanka ai yanka ne.

Zainab, Mancesta: Baba Alhaji, kimiyyar abinci nake karantawa, bari in faɗi abin da na sani. Ba kowa ke yi musu yanka ba, sai wanda ya yi karatun abin aka ba shi izini, ana ce masa shohet. Wuƙarsa ba za ta kasance da ko ɗan tsaguwa ba, da farce ake bin kaifinta. Bayan yanka a buɗe dabbar a duba huhu, in an sami tabo ko huji irin wanda dokar ta hana, dabbar ta fita daga kosha gaba ɗaya, sai a sayar da ita a wata kasuwa. Sannan an haramta musu jijiyar cinya da wani nau'in kitse, cire su kuma aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa a Amurka da Ingila yawanci rabin baya na saniya ake sayar wa sauran mahauta. Abin da ya rage a jiƙa shi rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri awa guda don jini ya fita, a ɗauraye. Kowane mataki akwai mai sa ido da ake biya albashi. Ga kasuwar ƙarama, mayankan kaɗan ne. A watan Mayun 2008 jami'an shige da fice suka kai samame babbar mayankar kosha ta Postville a jihar Iowa, suka kama ma'aikata 389, kamfanin ya durƙushe a shekarar, naman kosha ya yi ƙaranci a faɗin Amurka saboda wuri ɗaya.

Alhaji Garba, Kano: To 'yata, yanzu na gane. In aka ce in yanka sa amma cinya ba ta abokin cinikina ba ce, kuma cikin shanun da na kayar wasu ba za su shiga ba, dole mai sayen ƙirji ya biya wahalar. Ba ha'inci ba ne, lissafi ne. Amma lissafin nan talaka yake dannewa. Ina tare da Aminu.

Aminu, Landan: Hajiya, tsohuwarki ita kaɗai ce. Gidajen da nake kai wa kaya, yara bakwai, takwas. Tukwane biyu-biyu, kwanuka biyu-biyu, cokula biyu-biyu, na nama daban na madara daban. Idin Ƙetarewa, idinsu na tunawa da fita daga Masar, in ya zo, kwana takwas, sai a ajiye duka a fito da wasu, a fitar da duk abin da ke da yisti daga gida, a sayo komai sabo da hatimin idin. Kuma abinci ma ba shi ne babba ba. Tunda ba sa shiga mota ranar Asabar, dole su zauna inda za su taka da ƙafa zuwa majami'a, kowa na neman gida a unguwa ɗaya, haya ta tashi. Ga makarantar addini ta yara. Wake da sha'ir ba za su biya wannan ba.

Malam Yakubu, Zariya: Aminu, kana da gaskiya a kan haya da makaranta, amma ka haɗa abu biyu da su kansu malaman Yahudawa suke rabawa: abin da doka ta wajabta, da tsanantawar da mutane suka ɗora a kai. Ina koyar da tarihin addinai, kuma wannan ne ya fi ba ni sha'awa a cikin al'amarin. Asalin dokar gajere ne. Littafin Firistoci na cikin Attaura, sura 11, ya ce dabba sai mai tuƙa mai rababben kofato, kifi sai mai ƙege da kamɓori, shi ya sa raƙumi da zomo da tarwaɗa ba sa cikin abincinsu. Hanin dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa ya zo sau uku a Attaura, daga nan raba nama da madara ya samo asali. Amma a cikin Talmud, kundin malamansu na da wanda ya faɗaɗa dokokin, akwai ƙa'ida cewa Attaura tana tausayin dukiyar Isra'ilawa. Rabbi Akiba, wani babban malaminsu na da, ya ce gara mutum ya mai da Asabar ɗinsa kamar sauran ranaku da ya zama mai bukatar mutane. In ɗigon madara ya faɗa tukunyar nama bisa kuskure, in abincin ya ninka ɗigon sau 60, ana ci. Rabbi Moshe Isserles na birnin Krakow, wanda ya rasu a 1572, sananne ne da sassauta hukunci a inda asara za ta yi yawa ga mai abu. A ƙarni na 20 kuma Rabbi Moshe Feinstein na Niyok ya halatta madarar kamfani ta yau da kullum a Amurka, bisa hujjar cewa dokar gwamnati ta hana gauraya ta da nonon wata dabba, alhali da sai wadda aka tatsa a gaban Bayahude. Dokar da ta bar irin waɗannan ƙofofi ba a gina ta don masu kuɗi ba.

Zainab, Mancesta: Allah ya gafarta Malam, a nan zan saɓa maka. Ƙofofin suna nan a littafi, amma mutum ba a littafi yake zaune ba, a unguwa yake zaune. Akwai Bayahudiya da muke aji ɗaya, ta ce mini a wasu unguwanni in an san kina sayen madarar kanti ko nama mai hatimin da ba su yarda da shi ba, maƙwabta ba za su bari yaransu su ci a gidanki ba, kuma maganar tana iya tasowa ranar da aka zo neman auren 'yarki. Wace uwa ce za ta zaɓi mai araha a haka? Mu ma mun san wannan. Layya a kan mai iko take, amma mutum nawa ke cin bashin rago don kada a ga ƙofarsa babu jini? Kuma nauyin lissafin nan a kan mata yake sauka, su ke tsaye a mahauta suna mayar da kaza.

Hajiya Rabi, Niyok: 'Yata, ban musa ba, na ga irin wannan matsin da idona. Amma bari in ba ku labarin da ya sauya mini tunani. Watana uku da fara aiki, ranar Juma'a, na ɗauki cokalin madara na juya romon kazar nan, kaza ɗaya tilo ta mako. Da na lura jikina ya yi sanyi, na tsaya ina hawaye, don na san ba ta da kuɗin wata. Tsohuwar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki waya ta kira malaminsu. Tambayoyinsa na ji da kunnena: cokalin a wanke yake? An sa shi a madara mai zafi cikin yini da daren da suka wuce? Na ce a wanke yake, kuma kwana biyu ba a taɓa shi ba. Ya ce a ci romon, tukunya ma lafiyarta ƙalau, cokalin kawai a ware a tsoma a tafasasshen ruwa. Minti biyu aka gama. Wurin wanke-wanke ɗaya gare ta, da robobi biyu take rabawa, ja na nama, shuɗi na madara. Kwanukanta ma na gado ne.

Sannan ba a bar su haka ba. Akwai ƙungiyoyin da ake kira Tomchei Shabbos, da daddare suke ajiye kwalin kaza da burodi da ruwan inabi a ƙofar mai ƙaramin ƙarfi su wuce, don kada a haɗa ido ya ji kunya. Akwai Masbia da aka buɗe a unguwar Borough Park ta Brooklyn a 2005, gidan cin abinci kyauta da aka tsara kamar na kuɗi, a zaunar da kai a kawo maka. Akwai asusun rance mara ruwa da suke kira gemach, har kwanuka da kayan biki ake ara. Kafin Idin Ƙetarewa kuma ana tara abin da suke kira kuɗin alkama a raba wa mabukata, al'ada ce tun zamanin da.

Aminu, Landan: Hajiya, labarin cokalin ya taɓa ni. Amma kwalin dare ai hujjata ce. In sai da sadaka talaka zai iya riƙe doka, to dokar ta fi ƙarfin aljihunsa.

Malam Yakubu, Zariya: Ko kuwa farashin ne ya fi ƙarfinsa. Matan Yahudawa sun taɓa amsa maka da kansu. A watan Mayun 1902, a unguwar talakawa 'yan ci-rani ta Lower East Side a Niyok, laba ɗaya ta naman kosha ta tashi daga senti 12 zuwa 18. Ba su koma cin naman da ba kosha ba. Sun ƙaurace wa mahauta, suka bi gida-gida, suka watsar da nama a titi, aka kama da dama daga cikinsu, suka shiga majami'u ranar Asabar suna neman goyon bayan maza. Cikin 'yan makonni farashi ya sauko zuwa senti 14. Da manyan dillalan shanu suka yi faɗa, ba da addininsu ba. Ka kuma duba Abayudaya da ke kusa da Mbale a gabashin Yuganda, waɗanda suka rungumi Yahudanci tun 1919 ƙarƙashin Semei Kakungulu. Ƙananan manoma ne, ayaba da wake da gyaɗa ne cimarsu, kuma suna kiyaye dokar abinci.

Malam Nasiru, Maraɗi: Aminu ɗan'uwana, tambaya ɗaya. Ranar da aljihunka ya bushe a Landan, kana sayen naman da ba halal ba don ya fi araha? Ko haƙura kake yi da wake? Sannan in ja kunnen 'yan'uwa da ke Turai: aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin ma'abota Littafi, amma hatimin kosha ba hatimin halal ba ne, don giyar inabi tana iya zama kosha. A karanta abin da ke jikin kwali.

Aminu, Landan: Malam, haƙura nake yi, wallahi na sha yi. Ka kama ni a nan. Na janye kalmar "kaɗai". Amma naman halal a Landan ba ya tsada haka, don muna da yawa, kuma ba a ce in raba tukwane ba. Duk taimakon da Hajiya ta lissafa a manyan unguwanninsu yake. Bayahuden da aiki ya kai ƙaramin gari fa, ko wanda ya shiga addinin da girmansa, babu kwanukan gado, babu mai ajiye masa kwali? Shi sai ya yi odar nama daga nesa ko ya manta da shi.

Zainab, Mancesta: Da yawa mantawa suke yi da shi, su mai da gidan na madara da parve zalla, tukunya kashi ɗaya ta wadatar. Yana yiwuwa. Amma yaron da ya tashi yana ganin nama sau ɗaya a wata saboda addini, ban san yadda zai ji da addinin ba in ya girma, kuma wannan ne ke damuna.

Hajiya Rabi, Niyok: Aminu, wace rana ce ka ga matar nan? In Alhamis ce, wuya da ƙasusuwan nan romon daren Asabar za su zama, da karas da albasa, ragowar ƙashin ya shiga cholent. Haka na koya a gidan tsohuwata, kuma har yau haka nake yi wa jikokina.

Aminu, Landan: Alhamis ce, Hajiya. Amma sai da ta fara ɗaukar kazar, ta daɗe riƙe da ita kafin ta mayar, ƙaramar 'yarta na kallon hannunta.