Bitar lafiyar ƙwaƙwalwa: tana kaiwa ga mara lafiya kuwa?

Sista, asibitin sha-ka-tafi: Assalamu alaikum. An sake turo mana gayyatar bita kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ni a ganina waɗannan tarukan ba sa kaiwa ga mara lafiya. A zauna a otal, a saurari jawabai, a karɓi satifiket don sabunta lasisi, kowa ya kama gabansa. Uwar da ɗanta ya daina barci, yana ta surutu shi kaɗai, ba ta ma san an yi ba.

Likita: Wa alaikumus salam Sista. Ban yarda ba gaskiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, jama'a sun haura miliyan 200, wasu likitocin ma suna ta ficewa waje. Mutumin Giwa ko Soba ba ya zuwa asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa sai abin ya gagari kowa. Ku yake fara gani. Dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 ke nan, don nas da ma'aikacin lafiyar karkara su iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su fara magani. In ba a bita ba, a ina za a koya?

Sista: Ranka ya daɗe, ni ma a bita na koya, ban musa ba. Amma da na dawo, wata mai jego ta zo, ta ƙi shayar da jaririnta, tana kuka ba dalili, surukarta na cewa iska ce. Na gane ciwon sarai. Magani babu a ɗakinmu, babu kuma wanda zan kira in ce ga abin da nake gani. Takarda na rubuta mata, ban sake ganinta ba. Har yau tana raina.

Malam, Tudun Wada: Ku gafarce ni. Wannan baiwar Allah wurin irinmu aka kai ta, ba ko shakka. Mu ake fara kawo wa don ruƙiyya, amma ban taɓa ganin an gayyace mu taronku ba. Akwai wanda ina ganinsa na san na asibiti ne, sai dai wa zan tura wa?

Ɗalibi, Samaru: Allah ya gafarta Malam, ba da kai nake ba. Amma mun ga gidan marin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa a 2019, mutane ɗaure da sarƙa. A zaunar da masu irin wannan a taron likitoci, ai an ba su lasisi ke nan.

Likita: Tsoronka na kan hanya ƙanena, amma an gwada. Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, tun 1954 a Aro ta Abekuta ya yi aiki da masu maganin gargajiya, marasa lafiya na zaune cikin ƙauye tare da danginsu. Farfesa Oye Gureje kuma ya jagoranci bincike a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020: inda ma'aikatan lafiya ke ziyartar masu maganin gargajiya da na addini suna aiki tare, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙi. Wa zai gaya wa mai sarƙa haka in ba a zauna da shi ba?

Sista: To ai ka dawo maganata Likita. Ziyara ka ce, ba otal ba.

Likita: Rabinta dai. Bita tukuna, ziyara ta biyo baya.

Sista: Shi ke nan, zan je. Amma ranar zan miƙe in tambayi wa zai riƙa zagayo mu bayan an watse, kuma lambar wa zan kira. Malam, in an yarda, tare za mu shiga.

Malam, Tudun Wada: Da yardar Allah. A dai yi jawabin da Hausa.