Switch 2, sabuwar na'urar wasan Nintendo: a jira shi ne, ko a sayi Switch OLED yanzu? (Hirar zaure ta farkon 2025, kafin Switch 2 ya fito)

Sadik na Gwale: Salamu alaikum jama'ar zaure. Kuɗin Switch OLED sun cika a hannuna, sai ga maganar Switch 2 ta cika ko'ina. In saya yanzu ne ko in daure? Sannan katin memori mai 512GB da nake shirin haɗawa da shi, zai yi aiki a sabon?

Baffa Analog: Wa alaikumus salam. Daure zuwa 2 ga Afrilun 2025, ranar da Nintendo za ta yi cikakken bayani, saura 'yan makonni.

Ummi Zelda: Katin dai kada ka saya tukuna, ko me ka yanke.

Malam Habu: Sadik, ka fara raba abin da Nintendo ta faɗa da bakinta da abin da ake yaɗawa. A watan Mayun 2024 shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ce za su sanar da magajin Switch kafin ƙarshen Maris na 2025. A Nuwamba ya ƙara da cewa wasannin Switch za su yi aiki a kansa, haka ma Nintendo Switch Online. Ranar 16 ga Janairun 2025 suka saki bidiyon gabatar da Switch 2 na minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. A ciki an ga sunan, an ga ya fi tsohon girma, an ga ramin USB-C na biyu a sama, an ga madogarar baya mai faɗi, an ga hannayen sarrafawa, wato Joy-Con, suna mannuwa daga gefe maimakon zura su ta layin dogo, an ga sabon Mario Kart. Suka ce a 2025 zai fito, cikakken bayani sai 2 ga Afrilu. A ƙarshen bidiyon kuma sun rubuta cewa wasu wasannin tsohon ba lallai su yi aiki sosai ba. Iyakar abin da ke hannu ke nan. Babu farashi, babu ranar fitowa, babu girman allo, babu maganar batir.

Sauran duk jita-jita ce, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Maganar cewa ƙwaƙwalwarsa ta Nvidia ce mai lamba T239 ta fi ƙarfi, don lambar ta fito a cikin takardun da aka sace wa Nvidia a 2022. Maganar RAM 12GB da ma'ajiya 256GB daga bayanan jigilar kaya zuwa masana'antun Biyetnam masu bin diddigi suka tsamo ta, ita ma tana da tushe. Allo mai kusan inci 8, LCD ba OLED ba, an daɗe ana faɗa. Wanda ya ce maka ya san farashi kuwa, hasashe yake yi.

Baffa Analog: A tuna 2021. Wata da watanni ana cewa "Switch Pro" mai 4K na tafe, da ya zo sai ga OLED, allo inci 7, ma'ajiya 64GB, ƙwaƙwalwa ita ce dai Tegra X1 ta tsohon Switch.

Nura PC: Allo LCD a 2025? Komawa baya ke nan.

Ummi Zelda: Bari in gama maganar katin. Switch na yanzu microSD irin UHS-I yake karɓa, wanda iyakar gudunsa a takarda 104MB a daƙiƙa, a aikace ma bai kai ba. Abin da ake ta faɗa shi ne sabon zai buƙaci microSD Express, mai layin fil na biyu a bayansa, wanda ke aiki da PCIe kamar SSD na kwamfuta. Samsung ta sanar da nata mai 256GB tun farkon 2024, gudun karatu har 800MB. Idan wannan ta tabbata, 512GB ɗinka ba zai ɗauki sababbin wasanni ba, kuɗi sun tafi a banza. Idan ba ta tabbata ba, ba ka yi asarar komai ba don ka jira. Alamar EX ake dubawa a jikin katin. Kalmar Extreme da ke kan wasu katunan sunan samfuri ce kawai, ba ita ce Express ba, mutane da yawa za su ruɗe a nan.

Kuma duk katin da ka saya, a gwada shi da H2testw a kwamfuta kafin a zuba masa komai. Na jabu zai nuna 512GB, ya wuce 32GB sai ya fara cinye abin da aka sa da farko.

Oga Sale Mai Gyara: Ni duk maganar 4K da DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara kyan hoto, ba ta dame ni ba. Abu ɗaya nake jira in ji: me suka sa a cikin analog, sandar da ake juya ɗan wasa da ita. Wanda bai taɓa buɗe Joy-Con ba ba zai gane ba. A ƙarƙashin sandar akwai siraran layuka baƙaƙe na gawayi, da ƙananan harsunan ƙarfe da ke gogarsu duk sanda ka motsa yatsa. Daga wannan gugar ce na'urar ke sanin inda ka nufa. Yau da gobe layin ya cinye, garinsa ya taru, ga ƙurar hunturu tana shiga ta ƙarƙashin robar nan mai kama da siket. Sai ka ga ɗan wasanka yana tafiya hagu kai kuwa ba ka taɓa komai ba. Idan an buɗe aka haska da tocila, za ka ga inda ƙarfen ya yi wa layin zane kamar sawun keke a yashi.

Kafin a kai ga buɗewa, a sabunta manhajar hannun, a shiga saitin Controllers and Sensors a daidaita sandar. In bai daina ba, a ɗaga robar da tsinken sakace, a ɗiga isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, a jujjuya sandar na minti ɗaya, a bar ta ta bushe. Wannan yana sayen lokaci ne, ba ya mayar da layin da ya cinye. Kada a fesa man da ake sa wa kwaɗo ko sarƙar babur, yana kashe sandar gaba ɗaya.

Canjin kansa ba wuya, amma a nan ake ɓarna. Sukurori huɗu ne a baya masu baki uku, sukudireba Y00 suke so. Ƙarfensu laushi gare shi, in ka sa wadda ba tasu ba bakin ya lashe, daga nan sai huda. A buɗe murfin a hankali kamar littafi, don akwai siraran wayoyi masu faɗi da suka haɗa shi da layin dogon. A cire batir, a kwance farantin tsakiya, a kula da wayar maɓallin ZL, ita ce ta fi yawan tsinkewa a hannun masu gaggawa. Sandar kanta sukurori biyu ne da waya ɗaya, a ɗaga ɗan makullin kafin a ja. Idan za a canza, a sa mai Hall effect, wadda ke aiki da maganaɗisu ba tare da komai ya gogi komai ba, sannan a sake daidaitawa.

Ana cewa Switch 2 zai zo da irin wannan sandar. Nintendo ba ta faɗa ba. Kuma ku duba bidiyon da kyau, a cikin kwarmin gefen na'urar akwai ɗan harshe da ya fito waje wanda hannun ke zama a kansa. A gidan da yara ke cirewa suna mayarwa sau ashirin a rana, wannan harshen ne abin da zan sa wa ido. Ya karye, ba hannu za a canza ba, uwar na'urar za a buɗe.

Baffa Analog: Allah ya saka, Oga. Akwai ma wani abu: in da gaske maganaɗisu ne ke riƙe hannayen, to yana dab da sandar, ita kuwa Hall effect maganaɗisu take karantawa. Shi ya sa ban saki jiki da wannan jita-jitar ba.

Nura PC: Duk wannan wahalar ta me? Sadik, sayi Steam Deck OLED, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Valve, ka huta. Allo inci 7.4, 90Hz, batir 50Wh, dala 549 mai 512GB a farkon 2025, ga rangwamen Steam duk lokacin bazara da ƙarshen shekara. Analog ɗinsa ma a kan ɗan allonsa yake, sukurori uku ka cire ka sa wani.

Ɗan Liti: Yana cin FC 25, wasan ƙwallon kamfanin EA?

Nura PC: A SteamOS, manhajar da Steam Deck ke zuwa da ita, ba ya yi, manhajar hana maguɗi ta EA ba ta yarda da Linux. Sai an sa masa Windows, ko ka nemi ROG Ally, na'urar hannu ta Asus mai Windows.

Ɗan Liti: To ai magana ta ƙare. Na'urar da ba ta cin ƙwallo me za a yi da ita?

Nura PC: Ta Switch ɗin da kake yabo fa? Firam 30 a daƙiƙa take yi. Sai a FC 24 ma suka koma injin wasa na Frostbite, kafin nan shekara da shekaru Legacy Edition ake sayar muku, a canza riga da sunayen 'yan wasa kawai.

Ɗan Liti: Firam 30 da za ka buga a cikin mota ya fi 60 da ba ka da shi.

Ummi Zelda: Steam Deck OLED giram 640 ne, Switch OLED 420. Wanda zai ba yaro ko ya riƙe a kwance ya lissafa wannan. Ally na farko kuma batirinsa 40Wh ne, wasa mai nauyi ba ya kai awa biyu, sai Ally X da aka ninka zuwa 80Wh.

Malam Habu: Ku dawo kan tambayar bawan Allah. Maganar kuɗi ce a ƙarshe. Switch ya fito a dala 299.99 a Maris na 2017, Lite 199.99 a 2019, OLED 349.99 a Oktoban 2021. Masu hasashe suna yawo tsakanin 400 da 500 ga sabon. Da dala a wajen naira 1,500 a farkon 2025, ka ga dubu 600 zuwa 750 ke nan tun kafin kuɗin jirgi, kwastam da ribar mai kawowa. Kuma watannin farko ba a samun sa a farashin takarda, kowa ya ga yadda PS5 ta yi a ƙarshen 2020. Biranen da aka ware don gwajin na'urar a Afrilu, irin su New York, Paris, Landan da Tokyo, babu na Afirka ko ɗaya. Mu sai abin da 'yan kasuwa suka ɗauko.

Abu ɗaya da zan roƙi kowa: kada a ba kowa kafin alƙalami da sunan ajiye wuri. Nintendo kanta ba ta buɗe odar ba, wanda ke karɓar kuɗinka yau ba shi da abin da ya riƙe.

Issoufou Damagaram: Mu nan ta Faransa kayanmu ke zuwa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, in ya fito a yuro 400 wajen jaka 262, wato sefa dubu 262, ke nan kafin kuɗin hanya. Cajar Turai baki biyu ce, daidai da soket ɗinmu. Ku na Najeriya ta Ingila ce taku.

Oga Sale Mai Gyara: Ta Amurka ma tana yi, cajar Switch daga 100 zuwa 240V take karɓa, adafta kawai za a sa. Abin da ba a wasa da shi shi ne ƙarfinta: 15V, 2.6A. Cajar waya ba za ta kunna dok, wato mazaunin da ke haɗa na'urar da talabijin, ba. Dok na wasu kamfanoni kuma ya kashe na'urori da dama a 2018, yana ƙona ɗan cip ɗin da ke kula da caji. Don haka kayan Switch 2 da aka fara tallatawa tun na'urar ba ta fito ba, riga ce ko gilashin allo ko dok, a bar su. Wanda ya ƙera su bai gwada a kan ta gaske ba.

Hajiya Maman Amir: Ni tambayata, kaset ɗin yara da muka tara, guda nawa ne za su ƙi yi?

Malam Habu: Hajiya, ba a fitar da jerin ba tukuna. Waɗanda ake zargi su ne masu dogaro da sifar tsohon hannu, kamar Labo da ake zura na'urar a kwali, da Ring Fit da ke buƙatar tsohon Joy-Con a cikin zoben. Ki adana tsofaffin hannayen, kada ki haɗa da su in za ki sayar.

Sadik na Gwale: Na gode ƙwarai. To in na ga tokumbo mai sauƙi in riƙa lallaɓawa kafin nan fa?

Baffa Analog: Duba lambar da ke ƙasa. Mai farawa da XAW na farko ne, batir awa 2.5 zuwa 6.5. XKW shi ne na 2019 mai jan kwali, awa 4.5 zuwa 9. Ka haɗa shi da intanet a gaban mai sayarwa ka buɗe eShop, shagon wasannin Nintendo na cikin na'urar, in ya nuna 2124-4007 an toshe na'urar ce, ba ta da magani. Ka shiga wurin daidaita analog ka ga ko ɗigon yana zaune a tsakiya. Ka sa kunne a fanka, in tana gurnani ƙura ta cika ta.

Ummi Zelda: Ka kuma tabbata ya cire akawun ɗinsa. Wasannin da ya sauke nasa ne, ranar da ya canza kalmar sirri ko ya mayar da babbar na'urarsa wata, sun tafi.

Oga Sale Mai Gyara: Zafi ma a saka a lissafi. Nintendo ta ce a yi amfani da Switch tsakanin digiri 5 zuwa 35. Afrilu a Kano ko Sakkwato ana haura 40. Sabon in ya fi ƙarfi zai fi fitar da zafi, dok a cikin rufaffen kabad na talabijin ba zai yi ba. Batirin da ya kumbura yana fara ɗaga murfin baya, in an ga haka a daina caji nan take.

Ɗan Liti: Ni dai a ce FC 26 zai yi firam 60.

Nura PC: Ba wanda ya yi maka wannan alƙawarin.

Hajiya Maman Amir: Oga Sale, sukudireba Y00 ɗin nan, ana samunta ita kaɗai ko sai an sayi akwatin duka?

Oga Sale Mai Gyara: Yawanci tana zuwa a cikin ledar sabuwar sandar, Hajiya, amma waccan bakinta ba ya jure hannu biyu. Wajen masu kayan gyaran waya za ki samu mai kyau. Ki tafi da Joy-Con ɗin ki gwada a wurin, don akwai Y0 da Y000 masu kama da ita, ta farko ta yi girma, ta biyun tana zamewa.