BMI ɗin Baba 23 ne amma jiki na zubewa, a ba ni shawara

Abban Sadiq: Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Mahaifinmu shekararsa 68, an auna BMI ɗinsa 23 aka ce lafiya lau, amma damtsensa da cinyoyinsa sai sirancewa suke, ga tumbi ya fito, in zai tashi daga kujera sai ya dafa.

Malam Nas: Wa alaikumus salam. Shi BMI nauyinka ne a kilo a raba da tsawonka sau tsawonka a mita, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, to amma bai bambance tsoka da kitse ba, tsoka za ta zube kitse ya maye gurbinta sikeli bai motsa ba. Likitoci na kiran wannan zubewar tsoka sakofeniya. Tun daga shekara 30 tsoka ke raguwa kamar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 abin ya ƙara gudu, mu maza ga testosteron, wato sinadarin mazantaka, ma yana raguwa.

Kawu: To ba tsufa ba ne kawai? A bar dattijo ya huta mana.

Malam Nas: Kawu ai zaman ne ma ke cinye tsokar. Abban Sadiq gwada shi a gida, ya harɗe hannu a ƙirji ya tashi ya zauna sau 5, in ya wuce sakan 15 akwai matsala. A asibiti kuma suna auna ƙarfin damƙa, namiji ƙasa da kilo 27 rauni ne.

Mai Jim: Gaskiya tafiya kaɗai ba ta isa, sai da ɗaga nauyi ko jan robar motsa jiki sau biyu a sati aƙalla, a fara da kaɗan ana ƙarawa. Ku auna ƙugunsa ma, kar ya wuce rabin tsawonsa.

Maman Ilham: Ku duba cin abincinsa, tsofaffi ba sa son ci, wani ma haƙori ne ke hana shi nama. Furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1 zuwa 1.2 ake so kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, a raba safe rana dare. Amma in yana da ciwon ƙoda kar ku ƙara sai likita ya ce.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yana da suga fa Malam, zai iya ɗaga nauyin?

Malam Nas: Zai iya, tsoka ma ita ke shanye sugan jini, sai dai likitansa ya fara duba hawan jini da ido da ƙafafu tukuna.