Wa Ya Kamata Sabon Mazauni Ya Fara Sani a Unguwa?

Sabon mazauni: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata uku ke nan da na tare a unguwar nan da iyalina, kuma a ruwan da aka yi daren Talata kwatar layinmu ta toshe har ruwa ya shigo mana tsakar gida, na wayi gari ban san wanda zan kai wa kuka ba. Ina neman shawararku a kan hukumomi da ma'aikatan da ya dace in sani.

Dattijo, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma: Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara da mai unguwa, kuma ka je gaisuwa ce kawai ta kai ka. Yakan zauna a ƙofar gidansa bayan la'asar, hatiminsa na cikin aljihu, sai ka faɗa masa sunanka da sana'arka da gidan da kake ciki, na haya ne ko naka. Daga shi sai dagaci, sai hakimi, sai sarki, kuma da wuya a yi cinikin gida ko fili a unguwa ba da shaidarsa ba. Sai dai ba shi da kasafin kuɗi, don haka maganar kwata ta kansila ce. Jiharmu ta Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta, kuma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma magudanan ruwa, da kwashe shara, da kasuwanni, da maƙabartu, har da sanya wa tituna suna.

Hajiya, ungozoma mai ritaya: Alhaji ya yi bayani, amma maza kukan manta da asibitin sha-ka-tafi, alhali nan iyalinka za su fi zuwa. Ka raka maiɗakinka sau ɗaya, ka gaisa da shugabar asibitin, ka rubuta ranar awon ciki da ranar rigakafi, sannan ka tambaya ko jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa yana zama a wurin, domin takardar haihuwar da hukumar ke bayarwa ce ake nema idan yaro zai shiga makaranta. Game da kwatar kuwa, ka nemi duba-gari. Shi ne ke da ikon tsawata wa mai zuba shara a magudana, kuma maganarsa ta fi ta maƙwabci shiga kunne.

Malamin firamare: Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ja a kan kansila. Bara mun same shi mu bakwai a kan rufin aji da iska ta yaye, ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce an gama, har damina ta wuce yara suna karatu a gindin darbejiya. Abin da ya yi mana amfani shi ne takarda a rubuce, kwafi biyu, da sa hannun mai unguwa da na limami, aka buga mana hatimin karɓa a sakatariya muka riƙe ɗaya. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, talaka yana da bakin tambaya, ko da aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Ƙanena, ka kuma san shugaban 'yan sintirin layinku da baturen 'yan sandan yankin, ka ajiye lambar gaggawa ta 112 a wayarka.

Sabon mazauni: Allah ya saka da alheri. Baba, shin akwai abin da ake riƙewa idan za a je gaida mai unguwa?

Dattijo: Babu komai sai sallama. Ka same ni a masallacin layi ranar Asabar bayan la'asar mu tafi tare, kuma ka zo da takardar nan da Malam ya ambata, mu sa hannu mu ma.