Kati 120 cikin mako uku: hatimi zan saya ko injin yanka?

Ummu Nabila: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, lokaci kuma ya ƙure mini. Wata abokiyar aikina ta ga katin gaisuwar da na yi wa mahaifiyata da hannu, sai ta ce in yi mata katin godiya guda 120 nan da mako uku. Ban taɓa wuce goma a zama ɗaya ba. Kwali ina da shi, fari mai giram 300, marar sheƙi, A4 ne, zan raba biyu in naɗe ya koma A6. Abin da na tara ɗaya zai saya mini cikin biyu: ko hatiman roba masu kyau da tawada, ko ƙaramin injin yankan takarda da ake juyawa da hannu. Ta ce ba ta son ruwan gwal ko ƙyalƙyali, fure ɗaya da "Na gode" kawai. Waɗanda suka taɓa yin mai yawa haka, wanne ya fi yi muku amfani?

Anti Mai Fure: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki yi na gwal mai tudun nan, shi ke ɗaukar ido. Ki buga hatimin da VersaMark, tawada ce marar launi mai danƙo, ki barbaɗa hodar gwal a kai, ki kakkaɓe, sannan ki narkar da ita da na'urar hura zafi. Kada ki gwada da ta busar da gashi, iskarta ta yi yawa, zafin kuma bai kai ba, hodar watsewa za ta yi.

Ummu Nabila: Na gode Anti, amma gwal ɗin ne ta ce ba ta so, na'urar ma ba ni da ita.

Baban Zara: Cricut za ki saya ki huta, injin yanka ne mai aiki da lantarki. Ki zana a waya, shi ya yanka miki.

Maman Biyu: 'Yar uwa, kafin hatimi ko inji, ta ba ki kafin alƙalami? Da dalili nake tambaya. Shekara biyu da suka wuce wata 'yar uwar maigidana ta ce in yi mata 200. Kunya ta hana ni maganar kuɗi, na sayi komai da nawa. Na zaɓi kwali mai sheƙi don ya fi kyau a ido, na yi amfani da tawadar nan mai kauri da ke zama a saman takarda. Ba wanda ya gaya mini cewa a kan kwali mai sheƙi irin wannan tawada ba ta da inda za ta shige, sai ta kwana ta wuni ba ta bushe ba. Kwana huɗu ina bugawa, da na gama na jera su ɗaya kan ɗaya, na ɗora littafi mai nauyi don su miƙe, na je na kwanta da murnata. Da safe na ɗaga na farko, sai ga furen na ƙasa ya fito a bayansa. Na biyu haka, na uku haka. Na zauna a ƙasa ina tsincewa, waɗanda suka tsira ba su kai 30 ba. Wallahi kuka na yi.

Na sake sayen kwali, na sake yi cikin kwana uku, bayana ya ƙage, yatsuna suka kumbura. Da ta zo karɓa sai ta ɗauko ɗaya ta ce furen ya ɗan karkace, ta ɗauko wani ta ce launin bai kai na wancan ba. Na ce mata aikin hannu ne, ba za su zo iri ɗaya sak ba. Ta kwashe duka, ta aiko da rabin kuɗi bayan wata biyu, sauran har yau shiru. Muna haɗuwa, muna gaisawa, ba na iya tayar da zancen. Hatiman suna nan cikin gwangwani, ban ƙara taɓa su ba.

Anti Mai Fure: Subhanallahi. Allah ya mayar miki da alheri, Maman Biyu.

Yaya Hajo: Amin. Amma da kin gwada a guntu ɗaya kin goga yatsa bayan awa guda, ai da kin gani.

Maman Biyu: Yaya, yanzu na sani. A lokacin wa zai gaya mini?

Mai Almakashi: Bari in koma kan tambayar. Ummu Nabila, fure ɗaya da kalma biyu aikin hatimi ne, inji ba zai rubuta miki "Na gode" ba. Tunda kwalinki marar sheƙi ne, ki nemi tawada mai shiga takarda, irin su Memento, tana bushewa da wuri. Kowace A4 kati biyu ce, 60 za su ishe ki, amma ki yanka 70 saboda ɓarna. Ki ja layin naɗi da rula da bayan cokali kafin ki lanƙwasa, don giram 300 tsagewa yake yi a gaɓar. Ni a kan 'yar ƙaramar takarda daban nake bugawa sannan in liƙa a fuskar katin da salatef mai fuska biyu, in hannu ya goce ita kaɗai na rasa. Gam mai ruwa kuwa lanƙwasa kwali yake yi. Hatimi mai kama da gilashi ya fi a nan, kina ganin inda zai sauka. Ko minti goma kowane kati ya ci, awa 20 ke nan, ki lissafa da dararenki. Shi inji ma kuɗinsa ya kai na fakitin hatimi shida.

Baban Zara: Shida kuma? Maiɗakina da kuɗin fakiti biyu ta sayi nata, wanda aka ɗan yi amfani da shi.

Mai Almakashi: Da ƙarafan yankan a ciki? Ai daban ake sayar da su, farantan da ake matse takarda a tsakaninsu ma lanƙwashewa suke yi sai an sauya.

Yaya Hajo: Ba wannan ba, nawa za ta sayar? Ni ninki uku na katin da inji ya buga nake karɓa, kuma ana biya.

Maman Biyu: Su wa ke biya? Ni ko daidai da na injin ba a ba ni ba.

Malam Mai Ɗab'i: Hajiya, ku yi haƙuri in sa baki. Shekarata 20 ina harkar buga takardu. Guda 120 iri ɗaya ba aikin hannu ba ne. Ta yi guda ɗaya mai kyau a ɗauki hotonsa a buga sauran, yini ɗaya an gama.

Anti Mai Fure: Malam, in na inji matar ke so ai ta san hanyar wurinku. Na hannu ta gani ta yaba. Ni shekarata 15 ina wannan abin.

Yaya Hajo: Anti, ba raini ba, amma shekara 15 ɗin nan kyauta kike yi wa 'yan uwa. Wanda ya taɓa cika alkawarin mai saye a kan lokaci shi ya kamata a saurara.

Anti Mai Fure: To ai Maman Biyu ta sayar, ga yadda ta ƙare. Sayarwa ba ita ce iyawa ba.

Maman Biyu: Anti, wannan maganar ta yi mini zafi.

Ɗan Auta: Anti Ummu Nabila, in kin gama buga 120 hannunki ya faɗa, ki leƙo ofishinmu, akawunmu ya tafi hutu takardu sun taru suna jiran hatimi 😂

Mai Almakashi: Malam Mai Ɗab'i, shawararka akwai gyara. Kamfanoni da yawa masu yin hatimi sun yarda ka sayar da abin da ka buga da hannunka, amma ba su yarda a ɗauki hoton zanensu a buga da inji ba. Kowanne da sharaɗinsa, sai an karanta.

Yaya Hajo: Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni da hannuna na sassaƙa hatimin ganye a jikin kilina, har da rubutu, kun san sai an juya haruffan kamar a madubi, sau huɗu ina ɓatawa kafin ya fito. Wata ta ce in turo mata hoton samfur ta nuna wa mijinta. Na tura. Bayan mako biyu sai ga katina a shafinta na Instagram, an buga ɗaruruwa, har da ɗan tsagin da wuƙata ta yi a gefen ganyen. Na yi mata magana ta ce ganye ai na kowa ne.

Ummu Nabila: Allah ya kyauta, Yaya. Ambulan C6, wato na girman katin A6, zai ɗauki katin in na liƙa takarda a fuskarsa, ko sai na rage?

Maman Biyu: Yaya Hajo, tun daga nan kin daina tura samfur? Ni wata ta taɓa karɓar guda ɗaya wai za ta duba, shi ke nan.

Yaya Hajo: Ina turawa, amma sai na ɗora rula a kan rabin zanen kafin in ɗauki hoton. Jiya ma wata ta ce in cire rular ba ta gani sosai. Na ce ta fara turo kafin alƙalami, har yanzu ba ta amsa ba.