Wai barkwancin siyasa yana gyara wani abu, ko dariya kawai muke mu kwanta?

Sarkin_Gardama:
Salam 'yan uwa. Jiya da dare na ɓata kusan awa biyu ina kallon masu barkwanci suna kwaikwayon 'yan siyasa, wani ya cusa filo a riga ya yi tumbi wai yana ƙaddamar da gada a inda babu kogi, ya yanka kirtanin sau uku saboda mai kyamara bai shirya ba, na yi dariya har uwargida ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Amma da na ajiye wayar sai jikina ya yi sanyi, data ta ƙare, matsalar kuma tana nan daram. Shi ne nake tambaya, abin nan yana taɓa masu mulki kuwa? Ko mu ne ake yi wa allurar barci da dariya?

Uwar_Biyu:
Malam indai ba ya taɓa su to me ya sa suke kama masu yi? Ka duba Bassem Youssef na Masar, likitan tiyatar zuciya ne fa, ya fara barkwancin siyasa a YouTube a 2011 bayan faɗuwar Mubarak. Zamanin Morsi a 2013 aka kira shi aka yi ta masa tambayoyi wai ya ci mutuncin shugaba, masu adawa suna ta masa tafi, da sojoji suka karɓa ya juyo kansu sai labari ya sha bamban, a 2014 ya rufe shirinsa na talabijin ya bar ƙasar ma. Wanzami dai ba ya son jarfa. A Myanmar kuma ɗan wasan barkwanci Zarganar shekara 59 aka yanke masa a 2008 bayan ya soki yadda gwamnati ta yi da mutanen da guguwar Nargis ta shafa, sai 2011 aka sako shi. Mai mulki zai iya jure zagi, har yakan ji daɗi a ce ana tsoronsa, amma a mayar da shi abin dariya? Wannan kam ba ya iya haɗiyewa.

Tsohon_Malami:
Hajiya na ji ki, amma jin zafi daban gyara daban. Ki mintsini mutum ya yi ƙara, ba shi ne ya biya ki bashinki ba. Ni abin da ke damuna shi ne kowa na gidansu yake kallo, wanda ke zolayar abokin adawarka shi ne gwani mai faɗin gaskiya, ranar da ya taɓa naka gwanin sai ka ce an saye shi. To wa aka wayar wa kai? Kuma wasu 'yan siyasar yanzu sun gane kan abin, da kansu suke tura bidiyon da aka zolaye su a ciki suna sa alamar dariya, ko a jikinsu, an tsikari kakkausa. A 2011 Obama ya tsaya gaban taron 'yan jarida ya yi wa Trump wankin babban bargo, mutumin yana zaune a wurin ana ta ƙyaƙyata masa dariya. 2016 wa ya ci zaɓe? Tusa dai ba ta hura wuta.

Dan_Autan_Mama:
Hhhh Baba Malam ka kashe ni da misalin bashi. To ai wani lokacin masu barkwancin da kansu suke hayewa kujerar. Zelensky ya fito a wasan talabijin a matsayin malamin tarihi da ya zama shugaban ƙasa bagatatan, 2019 sai mutanen Yukren suka ce to zo ka yi na gaske, ƙuri'a kashi 73 cikin ɗari a zagaye na biyu, ko da wasa bai san babban yaƙi ne ke jiransa ba. Na Guatemala ne ya fi ba ni dariya, Jimmy Morales, ya ci zaɓe a 2015 da taken shi ba ɓarawo ba ne ba kuma mai cin hanci ba, da ya zauna sai ya ƙi sabunta wa'adin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai binciken cin hanci a ƙasar. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan. Kujerar nan ina jin akwai abin da ake shafa mata wlh.

Uwar_Biyu:
Baba Malam ba na ce dariya za ta gina asibiti ba fa. Ɗana ko labarai aka kunna tashi yake, amma ranar nan ya zo yana tambayata mene ne kasafin kuɗi, wai ya ji mai barkwanci yana cewa takarda ce da ake karantawa da ƙarfi a kashe a ɓoye. Muka zauna na yi masa bayani iya sanina. Wace jarida ce za ta ja min shi haka?

Sarkin_Gardama:
Na gode duka. Hajiya don Allah turo min wancan na kasafin kuɗin in gani, amma sai gobe in na sa data.